Tarihin Saki da Riƙon 'Ya'ya a Ƙasar Hausa

Dokar iyali a ƙasar Hausa, wato ƙa'idodin ɗaura aure da warware shi da makomar 'ya'ya bayan rabuwa, ta ginu ne a kan tushe biyu: fiƙihun mazhabar Malikiyya, da al'adar gida wadda ta riga shi zama a ƙasar. Wajen ɗaurin aure da lafazin saki da idda, fiƙihu ya yi rinjaye tun da daɗewa, har yawancin mutane ba su san wata hanya ba. Wajen riƙon 'ya'ya da ciyar da su kuwa al'ada ce ta riƙe ragama, kuma har yau abin da littafi ya faɗa daban, abin da ake yi a gidaje da yawa daban.

Tsarin da ya gabaci Musulunci ana hango shi a rayuwar Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930. A wannan tsari aure ƙulla zumunci ne tsakanin gidaje biyu, kuma dukiyar da gidan miji ya bayar ita ce ta ba shi iko a kan 'ya'yan da matar za ta haifa. Tattalin arzikin ya dogara ga gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da ƙannensa suke noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Ɗa namiji hannu ne a gona, 'ya mace kuma aurenta zai kawo dukiyar da za a yi wa ɗan'uwanta aure. Saboda haka idan mace ta fita, ana mayar da dukiyar aure, galibi daga hannun wanda zai aure ta, amma 'ya'ya suna nan gidan ubansu. Ba a ganin wannan a matsayin zalunci, domin gidan yana da kaka da gwaggo da matan baffanni da za su ɗauki yaron, kuma abincinsa yana cikin rumbun da aka haife shi a kansa.

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma kafin zamanin Yakubu (1452–1463) malaman birnin suna da littattafan fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shehu Maghili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki littafin shiryar da mulki wanda ya yi magana a kan adalci a shari'a da nisantar cin hanci. Littattafan da suka zama madogarar alƙalai daga baya uku ne: Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Khalil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a 1426. Tuhfa waƙe ce, an tsara ta musamman don masu yanke hukunci, shi ya sa alƙalai suke haddace ta. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali a Kano ko Zariya ko Katsina ya ji ana jawo nassi daga ɗayan ukun nan.

Abin da littattafan suka tanada game da saki sananne ne. Miji yana riƙe da igiya uku. Saki na sunna shi ne ya yi ɗaya, cikin tsarkin da bai kusanci matar ba, ya bar ta ta yi idda a ɗakinta. Iddar mai haila tsarki uku ce, ta wadda ba ta haila wata uku, ta mai ciki har ta haihu, takaba kuma wata huɗu da kwana goma. A saki ɗaya ko biyu miji yana da damar kome kafin idda ta cika, kuma ci da sha da wurin kwanan matar duk suna kansa. Idan igiya ta uku ta tsinke, babu kome sai ta auri wani aure na gaskiya sun rabu. Auren kisan wuta, wanda ake shiryawa don kawai a halatta ta ga mijin farko, Malikiyya ta ce ɓatacce ne, ko da yake hakan bai hana a yi shi a ɓoye ba. Saki uku a kalma ɗaya, wanda ake kira sakin wawa, bidi'a ne amma a mazhabar yana aukuwa uku.

Mace ma an ba ta ƙofofin fita, kuma a nan Malikiyya ta fi sauran mazhabobi sassauci. Akwai kul'i, inda take fansar kanta da mayar da sadaki ko abin da suka daidaita a kai. Akwai kuma raba aure da alƙali yake yi ko miji bai yarda ba: idan ya kasa ciyarwa bayan an ba shi wa'adi, idan yana da lalurar da ta hana zaman aure, idan ya rantse ba zai kusance ta ba har wata huɗu suka wuce, idan ya ɓace ba labari, inda ake jira shekara huɗu daga ranar da aka kai ƙara. Mafi muhimmanci ita ce cutarwa, kamar duka da zagi da ƙauracewa. Malaman mazhabar sun san cewa abin da ke faruwa a cikin ɗaki ba ya samun shaidun ido, don haka suka karɓi shaidar ji, wato maganar da ta bazu tsakanin maƙwabta da masu hidimar gida cewa wane yana cutar da matarsa. Sun kuma ce idan mace ta biya kul'i, daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta biya, sakin ya tabbata kuma a mayar mata da kuɗinta. Idan an rasa gane mai laifi, alƙali yana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kuma suna da ikon raba auren in sun ga ba zai gyaru ba.

Babin reno, wanda littattafan suke kira hadana, shi ne ya fi nisa da al'ada. Uwa ce ta fi kowa cancantar riƙon ɗanta bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Babu wata mazhaba cikin huɗun da ta ba uwa lokaci mai tsawon wannan. Idan uwa ta rasu ko ta rasa haƙƙin, riƙo yana komawa ga kakar yaro ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, sai an ƙare waɗannan ake zuwa ga kaka ta wajen uba, sannan uban kansa. Ana son mai riƙo ya kasance mai hankali da amana da lafiya da wurin zama mai tsaro, namiji kuma sai yana da macen da za ta kula da yaron. Uwa tana rasa riƙo idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, sai dai in wanda ke da haƙƙin karɓa ya sani ya yi shiru har shekara ta zagayo. Tana rasa shi kuma idan waliyyin yaro zai yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi shida, kimanin mil 72. Duk inda yaron yake, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwanansa suna kan uba gwargwadon halinsa, namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta tare gidan miji. Matar da aka yi wa sakin da babu kome tana iya neman ladan shayarwa. Uba yana riƙe da walicci, wato kula da tarbiyya da karatu da dukiyar yaro da aurar da shi, amma ban da irin ƙaurar nan walicci bai ba shi damar raba yaro da uwarsa ba.

Kafin jihadi waɗannan hukunce-hukunce suna aiki ne a birane da unguwannin malamai, karkara kuwa tana kan al'adarta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan Hausa da tara mata ba tare da ɗaurin aure ba da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. A Nurul Albab ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. Bayan jihadin 1804 kowace masarauta ta samu alƙalin gari, majalisar sarki ta zama wurin ɗaukaka ƙara, Sakkwato kuma tana da alƙalin alƙalai. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa jama'ar Kano Diya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki da masu hukunci, Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta kafa tsarin 'yan taru wanda ya kai karatun addini ga matan ƙauyuka. Daular Sakkwato ta shimfiɗa lafazin aure da saki da idda a faɗin ƙasar. Abin da ba ta tumɓuke ba shi ne ikon gidan uba a kan 'ya'ya, domin gandu yana nan da ƙarfinsa, kuma babu dalilin da zai sa mai gida ya aika hatsi wani gida don ciyar da yaron da yake ganin nasa ne.

Yadda rabuwa take gudana a gidajen talakawa ya fito sarai a tarihin rayuwar Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. An haifi Baba wajen 1877, ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. A duniyar da ta bayyana, auren fari iyaye ne suke haɗa shi, sau da yawa na zumunci, kuma ba abin mamaki ba ne ya mutu. Matar da aka ɓata wa rai takan yi yaji zuwa gidan iyayenta, miji ya aika biko, manya su zauna a zaure su ba da haƙuri, domin an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan ta ƙi komawa bayan biko ya yi yawa, sai a je gaban alƙali ko sarkin gari a kashe auren. Zawarci ba ya daɗewa. Bazawara tana gama idda masu nema sun fito, kuma a wannan karon ita take zaɓa.

'Ya'ya a wannan tsari suna bin wata ƙa'ida da ba a rubuta ba. Mai goyo tana tafiya da jaririnta, idan an yaye shi wajen shekara biyu uba ya aiko a ɗauke shi. Yaron da ya bi uwarsa gidan wani miji agola ne, matsayinsa a gidan mai rauni ne, kuma dangin ubansa suna jin kunyar a ce jininsu yana agolanci. Abin da ya sassauta zafin wannan rabuwa shi ne al'adar riƙo. Ko aure bai mutu ba, ɗan fari yakan tashi a hannun kaka saboda kunyar da iyaye suke yi masa, gwaggo marar haihuwa a ba ta 'ya, aminiya ma a ba ta. Yaron da ya tashi ba a ɗakin uwarsa ba bai fita daban a cikin tsaransa ba, kuma karin maganar nan ta ɗa na kowa ne tana da gaskiya a lokacin fiye da yanzu.

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Gwamna Lugga kuma ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kan aikinsu, an hana hukuncin yanke gaɓa, an sa sharaɗin kada hukunci ya saɓa wa abin da Turawa suke kira adalci na ɗabi'a. Babin aure ba su shiga cikinsa ba sai kaɗan. Duk da haka sauye-sauyen da aka yi wa tsarin mulki sun taɓa shi ta bayan gida. Da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka naɗa alƙalan gunduma, aka sa su kan albashi daga baitulmali, aka tilasta rubuta kowace shari'a a littafi. Matar ƙauye da a da sai ta yi tafiyar kwanaki kafin ta ga alƙali, yanzu ranar kasuwa ta ishe ta ta yanki sammaci. Shari'o'in aure suka zama cikin mafiya yawa a littattafan kotu, kuma da yake miji ba ya bukatar kotu kafin ya yi saki, masu kawo ƙarar galibi mata ne.

Mutuwar bauta ta ƙara wani sauyin. An ayyana 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 a matsayin 'yantattu, aka soke bautar gaba ɗaya a 1936. A tsakanin nan mata bayi da yawa sun bi ta kotun alƙali aka fanshe su, kuma sau da yawa mai biyan fansar shi ne mai son aurensu, kamar yadda Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka nuna daga takardun zamanin. Bayanan majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas (1903–1919), waɗanda Allan Christelow ya fassara, suna ɗauke da irin rigingimun wannan lokaci. Matan da suka fita daga bauta sun guji aikin gona domin shi ne alamar baiwa, kulle ya bazu zuwa ƙauyuka, mace ta ƙara dogara ga cefanen miji da 'yar sana'ar da take yi a cikin gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya kawo kuɗi hannun manoma, hidimar aure ta hau. Daga nan rigimar kul'i ta ƙara tsanani, domin miji yakan lissafa har da toshi da kuɗin gaisuwa da lefe, alƙali kuma ya tsaya rarrabe abin da yake sadaki da abin da yake kyauta.

An buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi. Gab da samun 'yanci gwamnatin Arewa ta Sardauna ta gayyato kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma shawararsa ce ta haifar da kundin laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960. Daga lokacin aka cire hukuncin laifi daga littattafan fiƙihu, aka bar musu aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da waƙafi, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Abin lura shi ne an rubuta dokar laifi sashe-sashe cikin kundi, amma dokar iyali an bar ta yadda take a Mukhtasar da sharhohinsa. Masar ta riga ta yi dokokin saki a 1920 da 1929, Maroko wadda ita ma Malikiyya take bi ta fitar da nata kundin a 1957 da 1958, Arewa kuwa ba ta bi wannan hanya ba.

Gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina ta karɓe kotuna daga hannun En'e, wato hukumomin sarakuna, da dokar 1967, aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin jihohi daga 1968. Taƙaddamar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya ta sa wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara tsarin mulki a Afrilun 1978, aka ƙare a kan kowace jiha mai so ta kafa tata. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita jerin al'amuran da wannan kotu take saurara, ciki har da ingancin aure da rabuwarsa da riƙon ƙaramin yaro. Dokar shari'o'in aure ta tarayya ta 1970, wadda ta ce maslahar yaro ce kan gaba wajen yanke riƙo, ta shafi auren rajista ne kaɗai, don haka a ƙasar Hausa masu amfani da ita galibi Kirista ne. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999 wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi, abin da aka faɗaɗa shi ne hukuncin laifi. Dokar iyali ba ta sauya ba, sai sunan kotun. Wata tsohuwar mas'ala daga babin iyali ta dai fito fili a lokacin: Malikiyya ta yarda ciki yana iya kwanciya har shekara huɗu ko biyar, a jingina shi ga tsohon miji, kuma wannan batu na kwantacce yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta dogara da su wajen sallamar Amina Lawal, wadda aka tuhuma da zina, a Satumban 2003.

A ɓangaren Nijar tafiyar ta bambanta amma ta kai kusan wuri ɗaya. Faransa ta yi dokar Mandel a 1939, wadda ta sa shekara 14 ga mace da 16 ga namiji tare da sharaɗin yardar ma'aurata, sannan dokar Jacquinot a 1951 a kan dukiyar aure, amma tasirinsu a Maraɗi da Damagaram kaɗan ne. Bayan 'yanci dokar tsarin shari'a ta Maris 1962 ta ce a aure da saki da riƙon yara da gado, kotu ta bi al'adar masu shari'ar, alƙalin gwamnati yana zama da mashawarta masana al'ada, waɗanda a yankin Hausa yawancinsu malamai ne. Sarakuna suna yin sulhu, Ƙungiyar Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974 ita ma tana sauraron rigingimun aure. Abin da aka saba a can shi ne yaro ya zauna wajen uwa har wajen shekara bakwai sannan ya koma wajen uba. An fara shirya kundin dokar iyali tun tsakiyar shekarun 1970, aka jingine shi a 1994 saboda adawar ƙungiyoyin addini, wani yunƙurin a 2011 ma bai kai labari ba.

Babban abin da ya sauya a rabin ƙarnin da ya wuce ba a kotu ya faru ba, a gida ne. Gandu ya watse, gonaki sun rarrabu da gado, mutane sun cika birane suna zaman haya a ɗaki ɗaya ko biyu. Gidan da a da yake karɓar yaro da kaka da gwaggo a ciki, yanzu matar uba ce kaɗai a ciki, ita ma da nata 'ya'yan. Saki yana nan da sauƙinsa, a takarda ko ta saƙon waya, matar kuma takan bar gidan a ranar maimakon ta yi idda a ɗakinta, ta rasa ciyarwar da shari'a ta ba ta. Daga nan ɗayan biyu ne: ko a karɓe 'ya'yan da sunan al'ada, ko a bar mata su ba ko ƙwayar hatsi. Balaraba Ramat Yakubu ta gina littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 a kan na biyun, labarin matar da mijinta ɗan kasuwa ya kora da 'ya'ya tara. Inda uba ya karɓa ba shi da halin riƙo, yaro namiji yakan ƙare a almajiranci a wani gari, mace a talla.

Matar da ta kai ƙara kan riƙo tana da nassi a bayanta, kuma alƙalai suna ba ta 'ya'yanta idan babu abin da ya kore haƙƙinta. Matsalar tana wajen ciyarwa. Alƙali yana yanka abin da uba zai riƙa bayarwa duk wata, amma yawancin maza ba masu albashi ba ne da za a cire daga tushe, hauhawar farashi tana cinye adadin cikin ɗan lokaci, kuma duk watan da bai biya ba sai ta sake kashe kuɗin mota da na sammaci. Akwai kuma matsin dangi, masu ganin kai uban 'ya'ya kotu tonon asiri ne. Da yawa suna yin shiru don tsoron amsar da aka saba ji, wato in ba za ki iya ba ki kawo min 'ya'yana. Wannan magana ba ta da gindi a fiƙihu, domin riƙo haƙƙinta ne ciyarwa kuma wajibinsa, ɗaya ba ya faɗuwa don an nemi ɗayan. Wata hanyar da mata suke rasa haƙƙi ita ce kul'i: wadda aka cuta, maimakon ta jure doguwar shari'ar tabbatar da cutarwa, sai ta zaɓi biya don ta huta, wani lokaci har ta yarda ta ɗauki ciyar da yaron a matsayin fansa.

Ƙungiyoyi sun taso a kan wannan giɓi. An kafa FOMWAN a Minna a 1985, BAOBAB a 1996, WRAPA a 1999, kuma cikin aikinsu a Arewa akwai sanar da mata abin da Malikiyya ta riga ta ba su da raka su kotu. Malaman Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun yaɗa fatawar Ibn Taimiyya cewa saki uku a kalma ɗaya ɗaya ne, abin da ya sa ma'aurata suke zagaya malamai suna neman wadda za ta ba su damar kome. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka yi wa doka a 2003, ta zama wurin da ake fara kai rigimar aure da ta ciyarwa don sulhu kafin kotu. A Janairun 2009 Hisba ta hana zanga-zangar zawarawa da ƙungiyar Hajiya Altine Abdullahi ta shirya a Kano. Shekara uku bayan haka, a 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, Shehu Aminu Daurawa yana shugabancin Hisba, da sharaɗin ango ba zai yi saki ba sai ya koma wa hukumar. An aurar da 1,111 a 2013, da 1,800 a Oktoban 2023. Shirin ya sauƙaƙa wa mata da yawa komawa ɗaki, amma bai taɓa batun 'ya'yan auren da ya mutu ba.

Yunƙuri mafi girma na rubuta dokar iyali a Arewa shi ne wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana a Fabrairun 2017, a taron cika shekara 50 da rasuwar Jakada Isa Wali. Kwamitin malamai da masana shari'a ya tsara daftarin da ya ƙunshi yardar ma'aurata da sharuɗɗan ƙarin aure da hana dukan mata da saki da ciyar da 'ya'ya da gado. Muhawarar jama'a ta tattara a kan batu ɗaya, wato hana marar hali ƙara aure, sauran sassan ba su samu kulawar da ta dace da su ba, kuma har aka sauke sarkin a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki shekaru kafin jihohin Arewa maso yamma su karɓe ta da gyare-gyare, Kano ta yi tata a 2023 da sunan dokar kare yara. A 2024 jihar ta ƙara dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure.